"Da Ka Ɗaga Wancan": Tarihin Binciken Takun Da Ba A Yi Ba, Daga Bagadaza Zuwa Gindin Bishiya A Dutse

Idan ka taɓa tsayawa bayan la'asar a wajen 'yan dara, ko a Garu ne cikin Dutse, ko a gefen kasuwar Shuwarin, ko a Kiyawa, ka san cewa wasan ba ya ƙarewa lokacin da aka cinye mutum. A lokacin ne ma ake soma wani sabon wasa, na baki. Wani ɗan kallo zai miƙa yatsa ya ce, "Malam, ai da ka ɗaga wancan, da ka ci shi." Wani ya ce ina, da ya ɗaga ma da an tare shi ta nan. A yi ta ja har a kira magariba, sannan a shafe ramukan da tafin hannu kowa ya kama gabansa. Gobe in ka tambaya, babu mutum biyu da za su yarda a kan inda kowane ɗa yake a lokacin da aka yi kuskuren.

Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. To amma akwai wani wasa da mutanensa suka mai da "da na sani" ta zama ilimi mai zaman kansa, da littattafansa da injunansa. Shi ne wasan ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji. Bari mu bi tarihin wannan ilimin ta hanyar wasa guda da aka buga a 1997, wanda sau biyu duniya tana canza ra'ayi a kan takunsa na ƙarshe. Daga nan sai mu dawo gindin bishiyarmu.

Yadda ake rubuta wasa

Kafin mu shiga, ga ɗan abin da kake buƙata. Allon ces gida 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance. Kowane ɓangare, fari da baƙi, yana da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Burin wasan shi ne ka ritsa sarkin abokin karawarka inda ba shi da mafita. Layukan tsaye an ba su haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8. Saboda haka kowane gida yana da suna. In na ce maka "sarauniya ta tafi b6", ko kana Jahun ko kana Japan, gida ɗaya za mu duba.

Wannan ɗan tsari shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Wasan da aka rubuta ana iya sake jera shi bayan shekara ɗari, a tsaya a taku na 36, a ce to, da a nan an bi ta wata hanyar fa?

Musulmin zamanin Abbasiyawa ne suka fara rubuta irin wannan bincike da gaske. A wajen shekarar 840 wani gwani mai suna al-Adli ya rubuta littafi a kan shaɗaranji. Bayansa aka yi Abubakar as-Suli, marubucin tarihi kuma gwanin wasan a fadar Halifa al-Muktafi a Bagadaza, a farkon ƙarni na 10. Su ne suka tara abin da suka kira mansubat, wato a jera 'ya'ya a wani yanayi, a ce maka nemo hanyar cin wasa. As-Suli ya bar wata matsala mai 'ya'ya huɗu kacal a kan allo, wadda ya yi alfaharin cewa babu mai iya warware ta. Sai a shekarun 1980 wani gwanin Rasha, Yuri Averbakh, ya warware ta. Ka ga an yi wajen shekara dubu tambayar tana jira, kuma abin da ya sa ta iya jira shi ne an rubuta ta.

A ƙarshen ƙarni na 15, a ƙasar Sifen, aka sauya wasu ƙa'idoji, sarauniya da giwa suka sami ƙarfin da suke da shi yau. A 1737 kuma wani mutumin Halab ta Siriya, Philipp Stamma, ya buga littafi a birnin Faris da tsarin haruffa da lambobi, wanda shi ne kakan wanda ake amfani da shi yanzu.

Bishiyar da ba ta da iyaka

Me ya sa binciken taku yake da wuya haka? Lissafi ne zai ba ka amsa. A 1950 Claude Shannon, masanin lissafi ɗan Amurka, ya wallafa takarda a kan yadda za a koya wa kwamfuta ces. Ya ƙiyasta cewa a yawancin yanayi ɗan wasa yana da zaɓi kamar 30. Kai ka zaɓi ɗaya cikin 30, abokinka ya amsa da ɗaya cikin 30, hanyoyi 900 kenan. In kowa ya yi taku uku, hanyoyin sun kai 729,000,000. Shannon ya nuna cewa wasa mai taku 40 yana da hanyoyin da adadinsu ya kai 1 da sifili 120 a bayansa. Ka ɗauke shi kamar bishiya: kowane reshe yana fitar da rassa 30, kowannensu ya sake fitar da 30.

Babu ɗan Adam da zai bi wannan duka. To yaya gwanaye ke yi? Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya gwada manyan 'yan wasa irin su Alekhine da Euwe da Keres. Ya riƙa ajiye musu allo yana cewa su yi tunaninsu a bayyane, ya kuma wallafa sakamakon a 1946. Abin da ya gano ya ba mutane mamaki. Manyan gwanaye ba su fi na ƙasa da su zurfafa lissafi da wani abin kirki ba. Fifikonsu yana wajen zaɓen rassan da suka cancanci a duba. Ido ɗaya suke yi wa allo, taku biyu ko uku masu kyau su faɗo musu, sauran 27 ɗin ko kallonsu ba sa yi. Daga baya Alexander Kotov, a littafinsa da ya fito da Turanci a 1971, ya mai da wannan darasi: ka fara jera takun da kake ganin sun cancanta, sannan ka bi reshen kowanne.

Riƙe wannan a ranka, domin ƙarfin gwani da rauninsa duk a nan suke. Reshen da bai sa a jerinsa ba, ko da nasara na rataye a jikinsa, ba zai gan ta ba.

New York, 4 ga Mayu 1997

Garry Kasparov ya zama zakaran duniya tun 1985. A Fabrairun 1996, a Philadelphia, ya kara da wata kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue, ya doke ta da maki 4 da 2. Kamfanin ya koma ya inganta injin har ya kai yana duba yanayin allo wajen miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, aka sake haɗuwa a New York a watan Mayun 1997, wasa shida.

Miliyan 200 adadi ne mai ban tsoro, amma gwada shi da bishiyar Shannon. Taku uku-uku, injin zai gama su cikin daƙiƙa huɗu. Taku biyar-biyar kuwa, in zai bi kowane reshe, sai ya shafe sama da wata guda, alhali minti uku ne matsakaicin lokacin kowane taku a irin wannan gasa. Don haka shi ma injin sara yake yi. Da zarar ya ga wani reshe ya fi wanda ya riga ya samu muni, sai ya bar shi bai ƙarasa ba. A ƙarshen kowane reshe kuma yana auna allon da ma'aunin da mutane suka rubuta masa: yawan 'ya'ya, tsaron sarki, buɗaɗɗun layuka, da sauransu.

Kasparov ya ci wasan farko. A na biyu Deep Blue ce ke da fari, kuma ta yi ta matsa shi a hankali har aka zo taku na 36. A nan kowa ya ga hanya a buɗe: sarauniyar fari ta shiga b6 ta soma kwashe dakarun baƙi. Sanannen abu ne a lokacin cewa kwamfuta akwai kwaɗayi, in ka miƙa mata dakare sai ta karɓa. Kasparov kuwa da wannan kwaɗayin ya dogara. Shirinsa shi ne ya bar ta ta ci, shi kuma ya tura dakarensa zuwa e4, hanya ta buɗe wa giwarsa da sarauniyarsa su far wa sarkin fari.

Injin bai ci ba. Ya yi musayar dakaru a b5, sannan a taku na 37 ya ɗauki giwarsa ya dasa a e4, daidai gidan da Kasparov yake son dakarensa ya taka. Kamar dai ka shirya bi ta wata ƙofa, ka tarar mai gida ya shimfiɗa tabarma a bakinta ya zauna. Taku ne na haƙuri irin na gogaggen ɗan wasa, kuma ya girgiza Kasparov ƙwarai.

Wasa ya ci gaba. A taku na 44 sarkin fari ya koma f1 don kauce wa barazana. A na 45 hasumiyar fari ta zo a6 ta tasa sarauniyar baƙi a gaba. Kasparov ya duba, ya ga in aka yi musayar sarauniyoyi ba shi da sauran kataɓus, sai ya miƙa wuya ya tashi.

Hukunci na farko: ai canjaras ne

A daren nan masu nazari a wurare daban-daban, da yawansu ta intanet, suka sake jera wasan. Sai suka hango wani reshe da Kasparov bai bi ba. Da ya tura sarauniyarsa e3, ya bar giwarsa da ke d6 a ci, ya kawo hasumiya e8, to sarauniyar tasa za ta riƙa yi wa sarkin fari barazana taku bayan taku, ba tare da sarkin ya sami maɓoya ba. A ƙa'idar ces, in yanayi ɗaya ya maimaitu sau uku, ana iya tashi canjaras. Suka kuma ce kuskuren injin shi ne zuwa f1, da h1 ya tafi da babu wannan kafa.

Washegari mai horar da shi, Yuri Dokhoian, ya gaya masa. Ka yi tunanin nauyin wannan magana: zakaran duniya ya sallama wasan da bai faɗi ba. Kuma dalilin shi ne abin da de Groot ya gano tun 1946. Takun e3 bai shiga jerin Kasparov da gaske ba, domin ya riga ya yarda cewa injin da ya iya dasa giwa a e4 ba zai bar irin wannan kafa a buɗe ba. Imaninsa da abokin karawa ne ya sare reshen kafin lissafi ya taɓa shi.

Abin bai tsaya a nan ba. Kasparov ya kasa haɗa abubuwa biyun a ransa: yaya injin da ya yi taku na 37 zai yi kuskuren taku na 44? Sai ya soma zargin ko akwai hannun mutum a ciki, ya nemi a ba shi bayanan lissafin injin. An yi canjaras a wasa na uku da na huɗu da na biyar. A na shida, ranar 11 ga Mayu, ya yi wani taku mai haɗari tun a buɗe wasa, injin ya sadaukar da doki a e6, cikin taku 19 komai ya ƙare. Deep Blue ta ci gasar da maki uku da rabi, Kasparov biyu da rabi. Karo na farko kenan da kwamfuta ta doke zakaran duniya mai ci a cikakkiyar gasa irin wannan.

Hukunci na biyu: ashe ba canjaras ba ne

Shekaru da dama labarin da ake bayarwa kenan, a jaridu da littattafai: Kasparov ya yar da canjaras. To amma wasan a rubuce yake, injuna kuma ba su daina ƙarfi ba. Manhajar ces irin Stockfish, wadda za ka iya saukewa kyauta a wayarka yau, ta fi Deep Blue ƙarfi nesa ba kusa ba. Da aka sake ba irin waɗannan manhajoji yanayin taku na 45, sai suka nuna wani reshen kuma a cikin reshen. Masu nazarin 1997 sun ɗauka cewa bayan hasumiyar baƙi ta zo e8, fari zai tura dakarensa na layin h don nema wa sarki mafaka. Manhajojin suka ce a'a, sarauniyar fari za ta iya yi wa sarkin baƙi barazana daga c7, ta dawo c6, ta bar giwarta ta e4 a ci, sannan dakaren fari na layin d ya ci gaba da tafiya. A wannan hanyar fari yana nan da rinjaye mai ƙarfi.

Ka lura da abin da ya faru. Masu nazarin da suka kama Kasparov da laifin barin reshe, su ma reshe suka bari. Shi kansa Kasparov, a littafin da ya wallafa a 2017 a kan wannan gasa, ya koma kan wasan da injuna na zamani, ya kuma janye zargin cewa an yi masa maguɗi. Amma gasar ta riga ta wuce. Ya buga wasanni huɗu na ƙarshe da ciwon kuskuren da wataƙila bai kai yadda aka gaya masa ba.

Wannan ba ya nufin bincike aikin banza ne. Hukuncin 1997 ya fi na Kasparov kusa da gaskiya, domin ko ba komai e3 ta fi sallamawa. Hukuncin yau kuma ya fi na 1997. Haka kimiyya take tafiya a kowane fanni: ka faɗi abin da ka gano tare da hanyar da ka bi, na bayanka ya sake bi ya nuna inda ka tsallake. Akwai ma inda aka kai ƙarshen magana. A 2007 Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Kanada suka tabbatar cewa wasan dirafta na Ingila, in kowa ya buga ba kuskure, canjaras ne. A 2012 kuma masu bincike a Mosko suka kammala lissafin duk yanayin ces mai 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka, har aka sami yanayin da nasara ke buƙatar taku sama da 500. Amma ces cikakkensa, mai 'ya'ya 32, har yau ba a warware shi ba.

Mu dawo gida

Kada ka ɗauka shaɗaranji baƙo ne a yankinmu. A 1934 wani jami'in mulkin mallaka mai nazarin al'adu, C. K. Meek, ya wallafa rahoto a mujallar Man a kan wani nau'in ces da ake bugawa a Borno. Sunansa tsatsarandi, kuma kana jin sunan ka ji shaɗaranji a ciki. Borno kuwa maƙwabciya ce, masarautar Gumel da ke cikin Jigawa a yau ta daɗe a ƙarƙashin tasirinta. Irin wannan rahoto yana ajiye maka siffar wasa da yadda 'ya'yansa ke tafiya. Abin da ba zai ba ka ba shi ne tunanin gwanayen, wato me ya sa wane ya ɗaga wannan ya bar wancan. Wannan sai da rubutattun wasanni.

Darar da muke bugawa ma tana da zurfin da ya isa a yi mata haka. Ɗauki mai ramuka 30, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Ana fara zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a soma matsawa gida-gida, duk wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokinsa guda. Na farko yana da zaɓi 30, na biyu 29, sai 28, sai 27. Kafin kowa ya ajiye ɗa na uku, hanyoyin da wasan zai iya bi sun kai 657,720. Tsohon da ke cinye kowa a unguwarku ba ya lissafa wannan adadi, yana yin abin da de Groot ya gani ne a wajen Alekhine: ido ɗaya, ya san ramuka biyu ko uku da suka cancanci tunani. Ilimi ne na shekara talatin ko arba'in, kuma a kansa kaɗai yake.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Ka ba layuka shidan haruffa daga a zuwa f, biyar ɗin kuma lambobi daga 1 zuwa 5. Ka zauna da littafi da biro, ko wayarka, ka nemi izinin masu wasa, ka rubuta: c3, d3, c4, haka har ƙarshe. Ka rubuta ƙa'idar da suke bi ma, don takan bambanta daga gari zuwa gari. Wasa hamsin in aka tara, an sami abin nazari. Ɗalibin ilimin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, zai iya rubuta manhajar da ke bin bishiyar dara da dabarar sare rassa irin ta Deep Blue, ya gwada ta da takun dattawan. Allon dara bai kai rabin na ces ba, kuma 'ya'yanta duk tafiyarsu iri ɗaya ce, don haka aiki ne da kwamfutar cinya za ta iya somawa.

Ranar da aka yi haka, in ɗan kallo ya ce "da ka ɗaga wancan", sai a buɗe littafi a sake jera 'ya'yan yadda suke, a ɗaga wancan ɗin a gani. Wataƙila ya yi gaskiya. Wataƙila kuma bayan shekara ashirin wani yaro daga Birnin Kudu ya sake duba shafin, ya nuna ramin da dukkanmu muka tsallake.